Keukenhof: Lambun furanni miliyan 7 da ake buɗewa mako takwas kacal a shekara

Daga tsakiyar watan Maris zuwa tsakiyar Mayu, motocin bas ba sa yankewa a kan hanyar Lisse, wani ƙaramin gari a ƙasar Holan da ke kudu maso yammacin Amsterdam. Duk inda suka fito, lambun Keukenhof suka nufa, fili mai faɗin hekta 32 da ake shuka furanni kimanin miliyan 7 a cikinsa kowace shekara. Mako takwas kawai ake buɗe shi, amma a cikin wannan ɗan lokaci mutum sama da miliyan ɗaya ke shiga.

Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 8 na safe, kuma wanda ya yi sammako shi ke morewa, domin kafin hantsi cunkoso ya fara. Da zarar mutum ya shiga, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ƙamshi, sannan launuka: ja, rawaya, fari, ruwan hoda da shuɗi, an jera su fage-fage a ƙarƙashin manyan itatuwa da gefen tafki. Hanyoyin ƙafa da suka ratsa lambun sun kai tsawon kilomita 15. Akwai kuma manyan zauruka da aka sa wa sunayen 'yan gidan sarautar ƙasar, irin su Willem-Alexander da Beatrix, inda masu noman fure ke baje kolin irin da suka samar.

Tauraron wurin shi ne furen tulip, wanda ake nuna kusan iri 800 nasa. Ba daga ƙwayar iri ake shuka shi ba, daga wani tushe ne mai kama da albasa. Wannan albasar ita ce asalin kasuwancin, furen kuwa talla ne.

Haka aka tsara abin tun farko. A shekarar 1949 ne wasu masu noma da fitar da albasar fure suka haɗa kai don samun filin nuna hajarsu, aka buɗe wa jama'a a 1950. Har yau kamfanoni kimanin 100 ne ke kawo albasar kyauta, a madadin haka a kafa allon sunansu a gaban fagensu, ta yadda dillalin da ya zo daga wata ƙasa zai ga irin da ya burge shi ya san wurin wanda zai nema.

Aikin da baƙo ba ya gani

Kyan da ake gani a Afrilu, tun watan Oktoba aka fara wahalarsa. Ma'aikatan lambu kimanin 40 ne ke dasa albasar da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa Disamba. Dole ta kwana a ƙasa tsawon hunturu, domin tulip ba ya fure sai ya sha sanyi na watanni.

Matsalar ita ce fure ɗaya ba ya wuce 'yan makonni. Don kada wanda ya zo a Mayu ya tarar da fili fayau, sai ake shuka hawa-hawa a rami ɗaya: irin da ke makara a can ƙasa, mai saurin fitowa a sama. Wannan na bushewa, wancan na buɗewa. Duk da haka yanayi ke da ta cewa. In sanyi ya daɗe furanni su makara, in zafi ya zo da wuri su yi saurin zubewa. Idan aka rufe lambun, sai a tone albasar gaba ɗaya, a sake sabon zane don baɗi.

A ƙarshen lambun akwai tsohon inji mai aiki da iska, wanda aka gina a 1892. Duk wanda ya hau kansa zai hango gonakin fure shimfiɗe kamar an shanya atamfa. Ana kuma iya hayar keke ko shiga ƙaramin jirgin ruwa don zagaya su. Sai dai waɗannan gonaki ba na kallo ba ne. Da furen ya buɗe, manomi kan sa inji ya sare kawunan, don ƙarfin shukar ya koma cikin albasar da zai sayar. Shi ya sa manoman yankin ke kuka da masu kutsawa gona don ɗaukar hoto, saboda shukar da aka tattake ba ta yin albasar kirki.

Baƙon fure da ya zama ɗan gari

Tulip ba ɗan asalin Holan ba ne. Daga tsaunukan tsakiyar Asiya ya fito, sarakunan Turkiyya na wancan zamani suka ƙawata fadojinsu da shi, daga can ya shiga Turai. A 1593 wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya kawo shi birnin Leiden, wanda ba shi da nisa da Lisse. Ƙasar yankin mai rairayi ta karɓe shi.

Ba a jima ba farashinsa ya haukace, har aka ruwaito cewa albasa ɗaya ta irin da ba a cika samu ba ta kai kuɗin gida. A watan Fabrairun 1637 kasuwar ta rushe, masu cinikin suka tafka asara. Shekaru 300 bayan nan, a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wannan albasar ce mutane suka riƙa dafawa don su rayu.

Shi kansa lambun ya ɗanɗana tasa jarrabawar. A 2020 an gama shuka, furanni sun buɗe, amma annobar korona ta hana buɗe ƙofa, sai a bidiyo duniya ta kalla. Otal-otal, direbobi da masu sayar da abinci na yankin duk sun ji a jikinsu, domin mai lambun da ke buɗewa mako takwas ba shi da damar jiran wata mai zuwa.

Ga mai niyyar zuwa, tsakiyar Afrilu ne lokacin da aka fi samun furanni a cike, kuma a watan ne ake jerin gwanon motocin da aka yi wa ado da fure daga Noordwijk zuwa Haarlem, tafiyar kusan kilomita 40. Tikiti kuwa ta intanet ake saye, tare da zaɓar ranar da lokacin shiga.