Kafin Ka Sa Katinka a Manhajar Koyon Harshe

Yanzu kowa na neman ƙarin harshe. Ɗalibi mai harin gurbin karatu a Jamus yana fama da Jamusanci. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai zuwa Gwanzu sarin kaya yana son Sinanci. Mai shirin tafiya aikatau Saudiyya tana neman Larabcin magana. Duk waya suka nufa: Duolingo, Babbel, Busuu, HelloTalk, Tandem, italki. Manhajojin nan suna koyarwa, babu mai musu, kuma ba cewa ake a guje su ba. Amma jama'a na shiga ido rufe, ɓarna kuwa ta soma.

Daga aljihu take farawa. Za a ce maka gwaji ne kyauta, sati ɗaya ko biyu, ka dai sa lambar kati. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ranar da wa'adi ya cika babu mai neman izininka. Alat kawai za ka gani, wani lokaci kuɗin shekara guda cur. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da komai. Yarjejeniyar tana can cikin asusunka na Google Play ko na Apple, tana sabunta kanta har sai ka shiga ka soke da hannunka. Wasu kuma da dala suke lissafi. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi rajista ya manta, ninki uku yake biya kan darasin da ya daina buɗewa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɓangaren hira. A manhajojin musayar harshe ana haɗa ka da baƙo daga wata ƙasa, ka koya masa naka, ya koya maka nasa. Mafi yawansu ɗalibai ne na gaskiya. Amma 'yan damfara sun gano wurin tuntuni, domin nan ne kaɗai baƙo zai yi maka sallama ba ka yi mamaki ba. Ba sa gaggawa. Yau a gyara maka jimla. Gobe a tambayi lafiyar iyali. Bayan kwana biyu a ce mu koma WhatsApp ko Telegram, ya fi sauƙi. Da ka fita daga manhajar, ka bar wurin da za ka iya kai ƙara a rufe asusun mutum. Can ne zancen zai juya: jarin kirifto mai ribar ban mamaki, ko aiki a waje da sai ka biya kuɗin biza, ko a turo hoto a ce kai ma ka turo naka. Yarinyar da ta tura hoton da bai dace ba, da shi za a riƙa tatsar ta, ana yi mata barazanar watsa shi ga dangi. Samari ma ba su tsira ba. Kunya kuwa takan rufe baki har sai abu ya gagara.

Akwai kuma bayananka. A 2023 an kwashi bayanan masu amfani da Duolingo miliyan 2.6, har da sunaye da adireshin imel, aka baza su a kasuwar masu kutse. Mai riƙe da imel ɗinka, wanda ya san harshen da kake koyo, zai iya rubuto maka wasiƙar bogi wadda za ka rantse daga kamfanin ta fito. In kalmar sirrinka ɗaya ce ko'ina, ƙofa guda ta ishe shi.

Takardar shaida ma tarko ce. Ofishin jakadanci bai san yawan kwanakin da ka jera kana darasi a waya ba. Jarrabawa yake nema: IELTS a Turanci, ta Goethe a Jamusanci, TCF ko TEF a Faransanci, HSK a Sinanci. Wasu masu buɗe aji a WhatsApp suna karɓar kuɗin zama mamba, suna alkawarin satifiket ba tare da zana jarrabawa ba. Ƙarya ce. A Birtaniya, wanda aka kama da takardar bogi ana iya hana shi shiga har shekara 10.

Kada kuma a ruɗe ka da biyan “har abada”. Manhajar kanta tana iya rufewa. Livemocha, wata kafar koyon harshe, ta taɓa tara miliyoyin mambobi. Kamfanin Rosetta Stone ya saye ta a 2013, aka rufe ta a 2016.

Jinkiri a nan kuɗi ne, wani lokaci mutunci. Yau ɗin nan ka buɗe Google Play ko saitin iPhone, ka duba jerin abin da kake biya, ka soke wanda ba ka amfani da shi. Ka canza kalmar sirri. Kada ka tura wa abokin hira sisi, ko hoto, ko BVN. In an riga an cuce ka, ka sanar da bankinka nan take, ka kai ƙara EFCC. In maganar aiki a waje ce, NAPTIP. Iyaye kuma, ku tambayi 'ya'yanku da wa suke koyon harshen nan, ku sa su nuna muku hirar.