Ko Kun Sani?

Kifin ado na iya ci gaba da iyo a akwatinsa na gilashi alhali lantarki ya shiga ruwan, amma da mai shi ya tsoma hannu sai wuta ta ja shi. Kifin bai taɓa ƙasa ba. Mutumin da ke tsaye a kan siminti ne ke ba wutar hanya. Sau da yawa lantarkin na shiga ruwan ne saboda na'urar ɗumama ruwan ta tsage. Ruwan gishiri kuwa ya fi haɗari. A zare filogi kafin a sa hannu, a bar wayar ta lanƙwaso ƙasa da soket don ruwa ya ɗiga ƙasa, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare.