Sojojin jini da ake kiwo a kwalba

Jama'a, a shirinmu na lafiya mun taɓo abin da ke bayan gwajin jinin da ake yi maka a babban asibitin Treichville, nan Abijan.

A jininka akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin garkuwar jiki. In an fitar da su daga jiki ba sa daɗewa, sai su mutu. Amma masana sun lura cewa wasu daga cikin waɗanda aka ɗebo daga mai ciwon daji ba sa daina hayayyafa. Sai ake kiwonsu a kwalba, ana ba su abinci, a ɗumin jikin mutum, digiri 37. In sun cika, a ɗebi kaɗan a zuba a sabuwar kwalba, kamar yadda ake ɗiban tsohon kindirmo a zuba a sabuwar madara.

Wani irin da ake kira Raji, a Ibadan aka samo shi a 1963, daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, kuma har yau ana aiki da shi a ɗakunan bincike na duniya. Wani kuma, H9, a cikinsa masana a Amurka suka yi ta kiwon ƙwayar cutar ƙanjamau a 1984, abin da ya ba da damar haɗa gwajin jini a 1985. Da irin wannan gwaji cibiyar RETRO-CI, wadda aka kafa a Treichville a 1988, ta bi sawun cutar a Kodebuwa.

To, amma fa kwalba ba mutum ba ce. Ba ta da hanta, ba ta da ƙoda. Magani kan kashe cuta a kwalba, ya shiga jiki ya kasa, ko ma ya yi ɓarna. Shi ya sa bayan kwalba sai an gwada shi a kan dabbobi, sannan a kan mutanen da suka amince, likitoci suna sa ido.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka sauke shanu ko kaya ka ratsa kasuwar Roxy ta Adjamé, wani ya miƙo maka ƙwaya yana cewa ai an gwada a ɗakin bincike, tambaye shi: a kwalba ko a jikin mutane? Wace hukuma ta yarda da ita? In ya kama kame-kame, riƙe kuɗinka, ka nufi asibiti.