Iyaka ta buɗe: ina aiki yake yanzu a Maraɗi?

Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, karanta wannan da kanka, sa'an nan ka karanta wa maƙwabcinka.

Ba ka manta da daminar 2023 ba. A ƙarshen watan Yuli ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka a Ɗan Isa, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki. A nan Sabon Gari na ga masu walda zaune bakin shago hannu rabbana. Na ga ƴan dako suna kwana tasha babu kayan ɗauka. Shinkafa da mai suka yi tsada. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, cikin watan Maris aka buɗe hanyar Katsina. To, aiki ya dawo?

Ka ji a rediyo arzikin ƙasa ya ƙaru ƙwarai a 2024. Gaskiya ne. Amma babban dalilin shi ne man fetur na Agadem, wanda ake turawa cikin bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 har bakin teku a Benin. Kuɗinsa na iya gina hanya da lakwal. Sai dai bututu ba ya neman ɗan ƙwadago kamar gona. Ba zai kira ɗanka aiki gobe da safe ba.

Tafiya biɗa Najeriya ma ba kamar da ba ce. Tun watan Yuni 2023 darajar naira ta faɗi. Yaro ya sha wahala a Kano ko Legas, in ya canza kuɗinsa zuwa sefa sai ya ga sun zama kaɗan.

Tambayi tsofaffin Tibiri, sun ga irin wannan. A da gujiya ce ke riƙe da Maraɗi, kamfanin SONARA na saye. Farin 1973 da cutar gujiya ta 1975 suka karya nomanta, mutane da yawa suka koma fataucin kan iyaka. Najeriya ta rufe iyaka a 1984 har 1986. Ta sake rufewa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Da ta 2023, sau uku ke nan cikin shekara 40. Wanda abincinsa ke rataye ga iyaka kaɗai, makullin rumbunsa na hannun wani.

Saboda haka duba aikin da ke kusa da kai.

Na farko, noman rani. A Jiratawa akwai filin ban ruwa da ya wuce eka 500, ƙarƙashin kulawar ONAHA. Ana noman zogala, tattasai da tumatir. Mai fili na neman hannu don dashe, ban ruwa da tsinka. Ga masu amalanke, ga mata masu dafa zogala su sayar. In gonarka na kwarin Gulbin Maraɗi, inda ruwa bai yi zurfi ba, ku haɗa kai ku yi rijiya.

Na biyu, kada ka sayar da amfanin gonarka duka da kaka, lokacin da tiya ke araha. Wake da ka zuba cikin buhu mai leda biyu, ka ɗaure bakinsa tamau, ƙwaro ba ya cin sa. Gujiyar da mata suka matse ta zama mai da ƙuli-ƙuli ta fi ɗanya kawo kuɗi, kuma aikin ya tsaya cikin gida.

Na uku, jar akuyar Maraɗi. Tana yawan haihuwar tagwaye, fatarta kuma sananniya ce har Turai. Harawar wakenka ita ce abincinta, takinta kuma na gonarka.

Akwai labarin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Ranar da ya iso, zai zo da kayan wasu. Mu me zai ɗauka daga wurinmu? Sai abin da muka noma, muka gyara, muka ajiye.

Ga aikin da na ba ka. Ɗauki littafinka da alƙalami. Rubuta watanni 12 na shekara. Gaban kowane wata rubuta inda kuɗi ke shigo maka. Watan da ka ga babu komai, nan ne ramin yake. Kawo takardar wurin malamin gona na garinku ko taron ƙungiyarku, a duba abin da zai cike shi tun rani bai yi nisa ba. Mai zurfin ido da wuri yake fara kuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.