Daga “Ciwon Zuciya” Zuwa I25.1: Harshe da Lambar Cuta a Tiyatar Jijiyoyin Zuciya

Majinyacin da ya fito daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya a Ƙaramar Hukumar Tarauni, da Hausa yake kai kukansa. Likita kan rubuta abin da ya ji da Ingilishi, sannan ma'aikacin adana bayanan lafiya ya mayar da rubutun zuwa lamba. A kowace gaɓa daga cikin ukun nan ma'ana na iya zubewa.

Lambobin sun samo asali ne daga kundin rabe-raben cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD. Bugu na 10 ya samu amincewa a 1990, na 11 kuwa ya fara aiki a Janairun 2022. A bugu na 10, I25.1 na nufin cunkushewar jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya, I20 ciwon ƙirjin da ƙarancin jini ga zuciya ke haddasawa, I21 kuma mutuwar wani sashe na tsokar farat ɗaya. Bahaushe na iya tattara su duka a ƙarƙashin “ciwon zuciya”. Ga shi kuma kalmar zuciya ba ta tsaya ga tsoka ba: mazaunin fushi ce da baƙin ciki, har akan ce ɗa ya sa wa uwarsa ciwon zuciya alhali jijiyoyinta lafiya lau. Haka nan “ƙirjina na zafi” na iya zama ƙwannafi, wanda lambarsa R12, ko kuwa I20, kuma tsakanin biyun akwai rai.

Tiyatar da ake magana a kanta ita ce wadda René Favaloro ya daidaita tsarinta a Cleveland ta Amurka a 1967. Akan ciro jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji, a dasa ta yadda jini zai kewaye wurin da ya toshe. Kanawa sun riga sun san kalmar “baifas” daga titin da ya kewaye gari, kuma wannan aron ya fi doguwar fassara saurin shiga kunne.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne bayan aikin. Ita tiyatar ba cuta ba ce, don haka tsarin lambobinta daban yake. Wanda aka yi wa ita, sau da yawa a Indiya ko Masar, idan ya dawo gida sai a ƙara masa Z95.1, mai nuna akwai dasasshiyar jijiya a ƙirjinsa. Lambar cutar asali ba ta gushewa, domin tiyata ba ta kawar da cunkushewar ba. Amma majinyaci kan ce “an yi mini aiki, na warke”, kuma idan aka ɗauki “warkewa” a zahirinta, cutar sai ta ɓace daga fayil, ta ɓace daga takardun inshorar lafiya, likitan da zai karɓe shi nan gaba kuma ya rasa dalilin magungunan hana daskarewar jini da ya tarar yana sha.