Juji Ma Dukiya Ne

'Yan'uwana matan Gwandu da Kalgo, ko kun san sharar da muke zubarwa tana iya ba da wutar lantarki?

A Adis Ababa, babban birnin Habasha, wani ƙaton juji ya rufta a 2017, ya hallaka mutum fiye da 100. A 2018 aka buɗe ma'aikatar Reppie a gefensa, wadda aka gina don ƙone shara tan 1,400 kullum. Wuta ta tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da lantarki.

Amma fa murhu duk murhu ne. Jiƙaƙƙiyar shara mai yashi da toka ba ta cin wuta, tamkar ɗanyen itace. Watau gyaran irin wannan ma'aikata daga bakin tsintsiya yake farawa.

To, kafin tamu ta zo, mu saba da rarrabe shara. Toka da kashin awaki a kai gona. Kashin shanu kuwa, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato an daɗe ana samun gas na girki daga gare shi. Leda a tara ta daban, kada ta toshe lambatu da damina, ko akuya ta haɗiye.

Allah ya sa mu gane.