Sauya Fuskar Agogo: Ina Gaskiya, Ina Shaci-faɗi?

A watan Nuwamban 2021 kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da wani agogon Omega Speedmaster ƙirar 1957 a birnin Geneva, a kan kuɗin Suwizalan sama da miliyan 3.1. Kafin ranar ba a taɓa sayen agogon Omega da tsada haka a gwanjo ba. Abin da ya ruɗi masu taya shi ne fuskar agogon, wadda baƙin fentinta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa sumul, irin koɗewar da masu tara agogo ke rububi a kanta. Wanda ya saya kuwa kamfanin Omega ne da kansa, don ya ajiye a gidan tarihinsa. A 2023 sai ga kamfanin ya fito yana cewa agogon haɗe-haɗe ne, an tsinto sassansa daga agoguna daban-daban aka harhaɗa, har ya zargi wasu tsoffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. In har wanda ya ƙera agogo zai ruɗu da nasa, ina ga mai saye daga hoton da aka turo masa a waya?

Wannan labari ya ƙara wa tsohuwar gardama wuta. Wasu na cewa fuskar agogo ba komai ba ce, a cire wannan a ɗora waccan. Wasu kuma na rantsuwa cewa duk agogon da aka taɓa fuskarsa ya zama jabu. Kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya ya yar da saura.

Irin agogon da ake magana a kai shi ne kuronogaraf, wato mai maɓalli biyu a gefe, ɗaya na tayar da awon lokaci da tsayar da shi, ɗaya na mayar da hannu kan sifiri. A fuskarsa akwai ƙananan da'irori, galibi uku: ta sakan mai tafiya kullum, ta mintocin da aka auna, da ta awowi. Kuma mai inji muke nufi, wanda ake yi wa wani ko yake wana kansa da motsin hannu, ba mai batir ba.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai muddin sunan agogo ɗaya ne, fuskar tsohon zubi za ta zauna a kan sabon zubi. Wannan ƙarya ce, kuma Rolex Daytona ya isa shaida. Daytona na farko, mai lamba 6239, ya fito a 1963 da injin da aka gina a kan Valjoux 72, na wani da hannu. A 1988 aka koma injin da aka samo daga El Primero na kamfanin Zenith, agogon kuma ya ƙara faɗi zuwa milimita 40. A shekarar 2000 Rolex ya sa injinsa na gida mai lamba 4130. Suna dai Daytona, amma zuwa shekarar 2000 ciki ya sauya sau biyu. A zubin Zenith, da'irar sakan tana wajen ƙarfe 9, ta awowi tana wajen ƙarfe 6. A zubin 4130 sun yi musayar wuri, sakan ya sauko ƙarfe 6, awowi suka koma ƙarfe 9, sannan da'irori biyun da ke dama da hagu suka ɗan ɗaga sama da tsakiyar fuska. Ɗagawar kaɗan ce, ido ma sai ya lura, amma ta isa ta sa ramin fuska ya kauce wa sandar da ake dasa hannu a kanta.

Dalilin yana bayan fuskar, inda mai agogo ba ya gani. In mai gyara ya zare makunni ya fito da inji, zai shimfiɗa 'yar leda a kan fuskar don kada ya karce ta, ya sa ƙananan ƙarafa biyu ya ɓalle hannaye ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗaga fuskar ya kifa ta, za ka ga wasu siraran ƙafafu biyu na ƙarfe an liƙa su a bayanta. Su ne ke shiga ramukan da aka huda musu a jikin inji, a ɗaure su da ɗan kusa ko ɗan maƙali. Inda ƙafafun nan suke, da tsawonsu, da tazarar ramukan hannaye daga tsakiya, da faɗin fuskar kanta, duk injin ne ke yanke su. Sunan da aka rubuta a gaba ba shi da ta cewa.

To, masu cewa sam ba a iya sauyawa fa? Su ma sun wuce gona da iri. Speedmaster ya fara da inji mai lamba 321 a 1957, shi ne hukumar NASA ta amince da shi a 1965, shi ne kuma a hannun Buzz Aldrin lokacin da ya taka duniyar wata a Yulin 1969. Daga 1968 aka soma sa inji 861, a tsakiyar shekarun 1990 kuma aka koma 1861. Tsakanin 861 da 1861 bambancin bai taka kara ya karya ba, babbansa shi ne ruwan da aka shafa wa ƙarfen, don haka fuskar wannan tana zama daram a kan wancan. Ma'ana, ana iya ɗaukar fuskar shekarun 1970 a ɗora kan agogon shekarun 2000 ba tare da an yanke komai ba, kuma zai yi aiki lafiya lau. Tsakanin 321 da 861 ne ake samun ɗan cikas, domin da'irorin suna wuri ɗaya amma tsawon ƙafafun fuskokinsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa gwanaye ba sa yarda da hoton gaba kaɗai. Akwai fuskokin da aka yi a lokacin sauyin inji, wajen 1968, masu tambarin Omega na ƙarfe irin na da, waɗanda daga gaba da wuya ka raba su da na 321. Sai an kifa su ƙafa ke tona asiri.

A nan akwai wani abin ban dariya da ke nuna cewa kamfanin ma ya daɗe yana ɗora fuskar wani zamani a kan injin wani. Inji 321 yana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a sakan, saboda haka aka raba kowane sakan gida biyar a gefen fuska, hannu na tsayawa daidai kan zane. Inji 861 yana bugawa sau 21,600, sau shida a sakan, amma aka bar zanen nan na gida biyar yadda yake fiye da shekara hamsin. Sai a 2021, da sabon zubi mai inji 3861 ya fito, aka mayar da rabon gida uku don ya dace da bugun. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya kira agogon jabu.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta fi cutar da mutane, wai duk fuskar da ba ita aka haifi agogo da ita ba ta jabu ce. Ba haka ba ne. Shekara da shekaru, in ka kai agogo gyara wurin kamfaninsa aka ga fuskar ta tsufa ko ruwa ya taɓa ta, sai a cire a sa sabuwa, a ganinsu alheri suka yi maka. Fuskar gyara ke nan. Ta kamfani ce gangariya, ba algus a cikinta, illa dai ba ta zamanin agogon ba ce. Ga mai son agogon da zai ɗaura ya je aiki, wannan ba aibi ba ne ko kaɗan. Ga mai tara kayan tarihi kuwa daraja ta faɗi, wani lokaci faɗuwa mai zafi. Daban da wannan akwai fuskar da aka kankare aka sake wa fenti da rubutu, akwai kuma wadda aka ƙera daga farko don yaudara. Jefa su duka a kwando ɗaya zalunci ne ga mai gaskiya, kuma rufin asiri ne ga macuci, domin in komai jabu ne to ba wanda za a tuhuma.

Ana kuma cewa fuskar da ke haske sosai cikin duhu ita ce lafiyayya. Ga tsohon agogo, akasin haka ne gaskiya. Daga farkon shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1990 ana shafa wa lambobi da hannaye sinadarin tiritiyam, kuma za ka ga harafin T a ƙasan fuska kusa da rubutun ƙasar ƙira. Ƙarfin tiritiyam yana raguwa da rabi duk shekara goma sha biyu da 'yan watanni. Agogon 1970 ya riga ya cinye wannan zango fiye da sau huɗu. In ka haska masa tocila ka kashe fitila, zai ɗan yi haske ya mutu nan da nan, launin shafen kuma ya koma kamar madarar da ta ji shayi. In kuwa ya kama da haske kore shar ya daɗe yana ci, to ko dai fuskar gyara ce mai sabon sinadari, ko an sake shafe ta. Haka in hannaye farare ne tas amma lambobin fuska sun yi rawaya, ɗayansu baƙo ne. Wani gargaɗi da ya wuce batun kuɗi: agogunan da suka girmi shekarun 1960 da yawa radiyam aka shafa musu. Haskensa ya daɗe da mutuwa amma gubarsa na nan, domin sai bayan kimanin shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Kada a bar kowa ya kankare irin wannan fuska yana shaƙar ƙurarta.

Ita ma koɗewar nan zuwa ruwan ƙasa da ake tsada dominta, asalinta aibin fenti ne da rana da zafi suka fito da shi. Tun da ta zama kuɗi, an samu masu gasa fuska da gangan.

Sai batun "ai ƙwararren mai gyara zai sa kowace fuska ta zauna". Rabin gaskiya ce. Zai iya guntule ƙafafun ya manna fuskar da ɗan gam mai fuska biyu, ka karɓa ka ga ta yi kyau. Amma kuronogaraf ba ya yafe irin wannan. Sanduna uku na ƙananan da'irori suna leƙowa ta ramuka matsattsu, ga kuma girgizar da inji ke sha duk lokacin da aka danna maɓallin komawa sifiri. In zafi ya sassauta gam, fuskar ta gusa ko da kaurin gashi ne, sai bakin rami ya soma gogar sanda, hannu ya riƙa sarƙewa, wata rana agogon ya tsaya cak. Fuskar da aka yanke wa ƙafa kuma ta rasa darajarta har abada. A ganina wannan ita ce ɓarna mafi muni a harkar, domin sauyi ana iya warware shi, yanka kuwa ba a mayar da shi.

Jita-jita ɗaya da ta tabbata gaskiya ita ce cewa a wasu agogunan fuska ce kuɗin. Akwai wata fuskar tsohon Daytona da ake kira da sunan ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman. Ana gane ta da 'yan murabba'ai a kan layukan ƙananan da'irori, da lambobin da'irar sakan da aka rubuta 15, 30, 45, 60 maimakon 20, 40, 60. Lokacin da take sabuwa ba ta da farin jini, ta daɗe a kantuna. Agogon Newman na kansa, wanda matarsa Joanne Woodward ta ba shi, an sayar da shi a New York a Oktoban 2017 kan dala miliyan 17.75. Da yake tsoffin Daytona na kafin 1988 duk dangin inji ɗaya ne, fuskar tana zama a kansu cikin sauƙi, kuma ɗora ta kaɗai na ninka farashi. Inda sauyi ke da sauƙi riba kuma ke da yawa, nan 'yan algus ke tare. Takardar shaida ma ba ta cika ceto ba, domin lambar da ke kanta ta inji ce ko ta gidan agogo, ba ta fuska ba.

Kada mai karatu ya ɗauka matsalar ta attajirai ce kawai. Seiko, wanda kowa ya san sunansa a kasuwanninmu, ya fitar da kuronogaraf mai lamba 6139 a 1969, kuma mai fuskar ruwan gwal ɗinsa ya yi suna saboda ɗan sama-jannati William Pogue ya tafi da shi tashar Skylab a 1973. Yau intanet cike take da irinsa masu sabuwar fuskar da ba Seiko ya yi ba. Seiko yana buga wasu ƙananan lambobi a gindin fuska, kuma lambar da ke marfin baya tana nuna shekara da watan ƙira, don haka mai haƙuri zai iya gwada ko sun yi daidai da juna.

In za ka sayi tsohon kuronogaraf, ka nemi hoton inji da lambarsa, ka gwada hasken fuska da na hannaye cikin duhu, ka kuma tambayi mai sayarwa kai tsaye ko an taɓa sauya fuskar, ya ba ka amsa a rubuce. In kuma naka za ka kai gyara, ka faɗa tun kafin a buɗe shi cewa ba ka yarda a sauya fuska ko hannaye ba sai da izininka. In sauyin ya zama dole, a sa wadda ƙafarta ta dace ba tare da yanka ba, tsohuwar kuma a naɗe maka ita ka tafi da abinka gida.